Gurbi Biyu, Kujera Ɗaya: Yadda Za Ka Zaɓi Jami'a Domin Digirin Farko a Fannin Kasuwanci

Idan jami'o'i biyu suka ba ka gurbin karatun digirin farko a fannin kasuwanci, murnar kan ɗauki kwana biyu ko uku, daga nan sai tunani ya maye gurbinta. Kowa a gida yana da ra'ayi. Wani ya ce ka ɗauki wadda ta fi suna, wani ya ce ka ɗauki mai sauƙin kuɗi, abokinka kuma yana jan ka zuwa inda shi ya samu. Dukansu alheri suke nufinka da shi, sai dai mafi yawansu sunaye biyu suke kwatantawa, alhali kai abin da za ka rayu a cikinsa na tsawon shekara uku ko huɗu shi ne tsangaya ɗaya, da manhaja ɗaya, da malamai ƙalilan waɗanda za ka riƙa gani kowane mako. An rubuta wannan jagora domin ɗalibi ko ɗalibar da ke riƙe da takardun gurbi biyu, kuma shawarar da ke cikinta ɗaya ce daga farko har ƙarshe: ka sauko daga kan sunan jami'a zuwa kan digirin kansa, a can za ka ga bambancin gaskiya.

Wannan ya fi tsanani a fannin kasuwanci fiye da fannin likitanci, inda hukumomin sana'a suka ɗaure manhaja tamau har kusan duk makarantar da aka amince da ita take koyar da abu iri ɗaya. A kasuwanci, kalma ɗaya kan lulluɓe karatu mabambanta ƙwarai. Wata jami'ar tana yaye ɗalibin da zai buɗe rahoton kuɗin kamfani ya gaya maka inda yake yoyo, wata kuma tana yaye wanda ya haddace ma'anonin shugabanci amma bai taɓa lissafa riba da faɗuwa da hannunsa ba, kuma su biyun takardarsu ta ce sun karanci harkokin kasuwanci.

Mataki na farko: rariya kafin sikeli

Kafin ka fara auna wace ta fi wace, ka bincika ko akwai abin da zai fitar da ɗayarsu daga takarar gaba ɗaya. Babu amfanin ɓata mako guda kana auna ɗakin karatu da filin wasa idan ɗaya daga cikin digirorin ba shi da cikakken izini.

Ka shiga shafin hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar da makarantar take, ka nemi sunanta a jerin waɗanda aka amince da su. Kada ka tsaya a nan, domin a ƙasashe da dama tantance jami'a daban, tantance kwas daban. Jami'a tana iya zama halastacciya amma sabon kwas ɗin da ta buɗe bai sami amincewa ba tukuna, ko kuma an ba shi amincewar wucin gadi. Idan makarantar a wata ƙasa take, rumbun bayanan WHED, wanda Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya ke kula da shi tare da haɗin gwiwar UNESCO, wuri ne mai kyau na farawa. Sannan ka tambayi hukumar ƙasar da kake sa ran yin aiki ko za ta karɓi takardar. Ka nemi amsar a rubuce.

Bayan izinin hukuma, akwai tantancewa ta ganin dama wadda makarantun kasuwanci ke nema da kansu, kuma tambura uku ne suka fi shahara. AACSB, wadda aka kafa a Amurka a 1916, tana tantance makarantar kasuwanci baki ɗayanta, kuma a ƙiyasinta kusan kashi 6 cikin 100 na makarantun kasuwanci na duniya ne kawai ke da tambarinta. EQUIS, wadda ƙungiyar EFMD da ke Brussels ta fara a 1997, ita ma makarantar gaba ɗaya take dubawa, tana kuma ba da nauyi ga alaƙa da kamfanoni da cuɗanya da ƙasashen waje. Ta ukun ita ce AMBA ta Landan, wadda aka kafa a 1967, kuma a nan ne ɗalibai kan ruɗe: aikinta ya shafi karatun gaba da digirin farko ne, musamman MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, saboda haka ganin tambarinta a ƙasidar makaranta bai gaya maka komai kai tsaye game da digirin da kai za ka yi ba.

Ra'ayina a kan waɗannan tambura shi ne samunsu shaida ce mai kyau, domin yana nufin baƙi masana sun shigo sun duba malamai da manhaja da hanyar jarrabawa, kuma za su dawo bayan wasu shekaru su sake dubawa. Rashinsu kuwa ba hukunci ba ne. Neman tambarin yana cin kuɗi da shekaru, kuma akwai tsangayoyi nagari masu yawa da ba su taɓa nema ba. Rashin izinin hukuma shi ne ke kashe magana nan take.

Abu na ƙarshe da za ka tace a wannan mataki shi ne ainihin abin da takardar gurbin ta ba ka. A wasu jami'o'i, musamman a Amurka, ɗalibi kan shiga jami'a tukuna, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ya sake neman shiga tsangayar kasuwanci, a yi gasa da maki, wasu su samu wasu su rasa. Idan ɗaya ta ba ka kujera kai tsaye a tsangayar, ɗayar kuma alkawarin damar nema kawai ta ba ka, to abin da ke hannunka ba iri ɗaya ba ne, kuma wajibi ne ka tambayi kashi nawa cikin masu nema ake ɗauka kowace shekara.

Mataki na biyu: lissafin kuɗin karatun gaba ɗaya

Yana da kyau mai shirin karanta kasuwanci ya fara gwada fannin a kan kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta kuɗin makarantar shekarar farko kaɗai. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida biyu, kowace jami'a da gidanta, ka rubuta kuɗin makaranta, da na masauki, da na ci da sha, da na sufuri har da zuwa gida lokacin hutu, da littattafai, da kwamfuta da intanet, da inshorar lafiya idan ana buƙata, da kuɗin biza idan ƙetare ne. Sannan ka ninka da yawan shekarun.

Yawan shekarun kansa abin dubawa ne. Digirin farko a Ingila shekara uku ne a al'ada, a Scotland da Amurka huɗu. A yawancin ƙasashen Turai da suka shiga tsarin Bologna na 1999, wanda ya daidaita fasalin digirorinsu, kowace shekara tana ɗauke da maki 60 na ECTS, wato ma'aunin nauyin karatu, digirin farko kuma kan kasance maki 180 ko 240, wato shekara uku ko huɗu. Shekara ɗaya ta ƙari tana cin kuɗi ta fuska biyu: abin da za ka biya, da albashin da da ka fara karɓa. Haka nan idan ɗaya daga cikin jami'o'in ta yi ƙaurin suna wajen tsawaita zangon karatu, ko saboda yajin aiki ko saboda jinkirin fitar da sakamako, ka tambayi waɗanda suka gama kwanan nan shekara nawa suka yi a zahiri, ka sa wannan adadin a lissafinka maimakon na cikin ƙasida.

Kuɗin makaranta ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ce a shekarar farko 100 ne, kuma ana ƙara kashi 5 cikin 100 duk shekara. A shekara huɗu za ka biya kusan 431, ba 400 ba. Idan da bashi mai kuɗin ruwa za a yi karatun, lissafin ya fi haka nauyi: bashin 100 a kan ruwan kashi 8 cikin 100, wanda za a biya wata-wata cikin shekara 10, zai koma kusan 146 kafin a gama. Idan kuma da kuɗin wata ƙasa za a biya, faɗuwar darajar kuɗinku kaɗai tana iya rusa duk tsarin a tsakiyar hanya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Tallafin karatu yana buƙatar karatu na musamman. Ka duba ko na shekara ɗaya ne ko na dukan karatun, ko akwai makin da dole ka riƙe kafin a sabunta shi, ko yana ƙaruwa idan kuɗin makaranta ya ƙaru. Kada kuma ka gina lissafinka a kan aikin da za ka riƙa yi kana karatu. A Birtaniya, alal misali, ɗalibin digiri da ya zo daga waje awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki lokacin da ake karatu, kuma wannan bai isa ya ɗauki nauyin kuɗin makaranta ba.

Idan ka gama, ka zauna da wanda zai ɗauki nauyin karatun, ku duba takardar tare, ku yi magana ta gaskiya. Tambayar da za ku amsa ita ce ko za a iya biyan shekarar ƙarshe ko da abubuwa sun ɗan taɓarɓare. Digirin da aka kammala a jami'a ta biyu ya fi wanda aka yanke a aji uku a jami'a ta farko, kuma idan amsar ta nuna ɗaya ta fi ƙarfin gidanku, rariya ta riga ta yi aikinta.

Mataki na uku: manhajoji biyu a kan tebur ɗaya

A nan ne nake so ka fi daɗewa, domin a nan ne yawancin ɗalibai ba sa tsayawa ko kaɗan. Ka nemo cikakken littafin manhajar kowace tsangaya, wanda ya jera kwasa-kwasan kowane zango da makinsu da yadda ake jarraba su. Ƙasidar talla mai hotunan ɗalibai suna dariya a kan ciyawa ba za ta yi maka wannan aikin ba. Ka buga shafukan idan da hali, ka shimfiɗa su gefe da gefe, ka ɗauki biro kala biyu.

Da biro na farko ka ja layi a ƙarƙashin duk kwas ɗin da ke buƙatar lissafi: ilimin akanta na rahoton kuɗi da na gudanarwa, harkokin kuɗin kamfani, tattalin arziki, ƙididdiga, nazarin bayanai da kwamfuta, sarrafa kaya da jigilarsu. Da na biyu ka ja layi a ƙarƙashin na magana da rubutu: halayyar ma'aikata, dabarun tallata haja, dokokin kasuwanci, tsara manufofin kamfani, ɗa'ar sana'a. Cikin rabin awa hoton zai fito. Na taɓa yin wannan aikin da wata ɗaliba wadda ta zo da yaƙinin cewa digirorin biyu duk ɗaya ne tun da sunansu ɗaya. Da muka ƙirga, ɗayan yana da kwasa-kwasan lissafi na dole ninki biyu na ɗayan, kuma shi kaɗai ne ke koyar da ƙididdiga fiye da zango guda. Ta yi shiru tana kallon takardun, sannan ta ce ita fa harkar banki take so tun tana sakandare. Daga wannan lokacin ba ta ƙara tambayata wace jami'a ce ta fi suna ba.

Ba na ɓoye inda na karkata. Idan sauran abubuwa sun yi kunnen doki, ina fifita manhajar da ta fi nauyin lissafi, ko da ɗalibin tallata haja ko kula da ma'aikata yake son yi. Dalilina shi ne iya jagorancin mutane da iya ciniki abubuwa ne da wurin aiki ke ci gaba da koyar da mutum har ya tsufa, amma akanta da ƙididdiga suna da wuyar koyo idan babu aji da malami da jarrabawar da za ta tilasta maka zama. Wanda bai koye su a jami'a ba sau da yawa yakan ƙare aikinsa yana jin tsoron shafin lambobi, yana dogara da abin da wani ya fassara masa.

Sunan digirin yana ba da alama amma ba a dogara da shi. BSc kan karkata ga lissafi da tattalin arziki, BBA kan taɓa kowane ɓangare na gudanar da kamfani, BCom, wanda ya yaɗu a Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kanada, kan ba akanta da kuɗi ƙarfi. Sai dai kowace jami'a da yadda take cika nata sunan, shi ya sa jerin kwasa-kwasan ne alƙali.

Sai ka duba yaushe ake zaɓen ɓangaren ƙwarewa. Wata tsangayar tun ranar farko za ta ɗaure ka a akanta ko tallata haja, wata kuma za ta bari ka ɗanɗana komai shekara ɗaya ko biyu. Ga wanda ya san abin da yake so, ta farkon tana ba shi zurfi. Ga wanda bai tabbatar ba, kuma yawancin masu shekara 18 ba su tabbatar ba, ta biyun ta fi aminci. Ka tambayi kuma ko kwasa-kwasan zaɓi da aka jera ana koyar da su duka kowace shekara, domin akan bar suna a littafi bayan malamin da ke koyar da shi ya daɗe da barin aiki.

Idan akanta ko harkar zuba jari ce a ranka, akwai wani awo da ke da lambobi a fili. Ƙungiyar ACCA, mai ba akantoci takardar ƙwarewa, a tsarin da ta daɗe a kai na jarrabawa 13, tana yafe wa masu wasu digirori har jarrabawa 9, kuma tana da shafi inda za ka sa sunan jami'a da kwas ka ga nawa za a yafe maka. Idan ɗaya ta ba ka yafiyar tara, ɗayar kuma huɗu, bambancin jarrabawa biyar ne, wato watanni masu yawa na karatu bayan digiri. Cibiyar CFA, mai ba masu harkar zuba jari takardar ƙwarewa, ba ta yafe ko ɗaya daga matakan jarrabawarta uku, amma tana da jerin jami'o'in da ta tabbatar manhajarsu ta ƙunshi aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da take jarrabawa a kai. Ka yi irin wannan binciken a ƙungiyar akantoci ta ƙasar da za ka yi aiki.

Mataki na huɗu: nauyin da ya dace da suna

Jadawalin da ke jera jami'o'i bisa matsayi yana da amfani idan ka san abin da yake aunawa. Jadawalin Shanghai, wanda aka fara a 2003, yana ba da kashi 30 cikin 100 na makinsa ga yawan malamai da tsofaffin ɗaliban da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi, sauran kuma kusan duk bincike ne da wallafa. A jadawalin QS, tun daga fitowar 2024, ra'ayin malaman jami'o'i yana da kashi 30, yawan ambaton binciken malamai kashi 20, ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata kashi 15. Duk wannan yana auna jami'a baki ɗayanta, har da sashen kimiyyar da ba za ka taɓa taka ƙofarsa ba, kuma babu inda ya nuna ko malamin akanta na aji ɗaya ya iya koyarwa. Tazarar matsayi goma ko ashirin tsakanin jami'o'i biyu ba dalili ba ne na yanke hukunci.

Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun binciki kusan irin tambayar da ke gabanka a wani nazari da suka wallafa a 2002. Sun duba ɗaliban Amurka da suka sami gurbi a makarantu masu daraja iri ɗaya, amma wasu suka tafi wadda ta fi wahalar shiga, wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru, albashin ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya. Ma'ana, babban rabo na nasarar da ake jingina wa jami'a mai suna, ɗalibin ne ya shigo da shi a jikinsa. Amma sun sami togiya mai muhimmanci: 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun amfana a fili da zuwa makarantar da ta fi suna, kuma nazarin da suka sake yi daga baya ya nuna haka ga waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne wanda ba shi da hanya a gida, jami'ar ce ke zame masa hanya. Wani nazarin na 2023, na Raj Chetty da David Deming da John Friedman, ya ƙara da cewa manyan jami'o'in Amurka ƙalilan suna ƙara wa ɗalibi damar shiga kamfanoni mafiya daraja da kaiwa ƙololuwar masu samun kuɗi, ko da tasirinsu a kan matsakaicin albashi bai kai haka ba.

Waɗannan binciken a Amurka aka yi su, amma darasin ya shafi kowa. Suna yana aiki sosai a ƙofofi 'yan kaɗan, irin su manyan bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara, waɗanda kan ɗebi ma'aikata daga makarantu ƙididdigaggu. Idan can ka nufa, ko kuma kai ne na farko a gidanku da zai shiga jami'a kuma ba ka da wanda zai gabatar da kai a ko'ina, ka ba suna nauyi mai kyau, muddin kuɗin bai fi ƙarfinku ba. Idan kuwa burinka ka zama akanta, ko ka kafa naka kasuwancin, ko ka bunƙasa na gida, manhaja da horo sun fi suna yi maka amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: ina waɗanda suka gama suke?

Kowace tsangaya za ta gaya maka ɗalibanta suna samun aiki. Ka nemi bayani dalla-dalla: wane irin aiki, bayan wata nawa, kuma cikin mutum nawa da aka yaye mutum nawa ne suka amsa tambayar. Adadin da ya haɗa mai aikin wucin gadi da mai aikin da ya dace da digirinsa a kwando ɗaya ba ya nuna komai. A wasu ƙasashe akwai alƙaluman da ba jami'ar ce ta tattara ba. A Birtaniya ana tuntuɓar waɗanda suka gama bayan wata 15 a ji inda suke, a Amurka kuma shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi yana nuna albashi da bashin ɗalibai kwas-kwas. Inda babu irin wannan, ka yi naka binciken a LinkedIn, shafin da ma'aikata ke sa tarihin karatunsu da aikinsu: ka sa sunan jami'ar da kwas ɗin, ka duba mutum talatin da suka gama shekara uku zuwa biyar da suka wuce, ka rubuta inda suke aiki. Ka tuna cewa waɗanda suka dace sun fi son baje kolinsu a can, saboda haka ka yi wa jami'o'in biyu awo da mudu ɗaya.

Abin da ya fi haɗa ɗalibi da aikinsa na farko shi ne horon sanin makamar aiki. Tsarin da ake cakuɗa zangon karatu da zangon aiki a kamfani ya samo asali ne a Jami'ar Cincinnati a 1906, Jami'ar Waterloo ta Kanada kuma ta shahara da shi, yayin da jami'o'in Birtaniya da yawa ke ba da shekara guda cur ta aiki kafin ajin ƙarshe. Tambayar da za ka yi ita ce ko horon dole ne ko ganin dama, kuma wa ke nemo wurin. Akwai tazara mai nisa tsakanin tsangayar da ke da ofishi da jerin kamfanonin da ke karɓar ɗalibanta duk shekara, da wadda za ta miƙa maka wasiƙa ta ce ka je ka nema. Garin da jami'ar take shi ma yana shiga nan, domin inda kamfanoni suka taru ya fi sauƙin samun horo da baƙin malamai daga masana'antu, ko da yake rayuwa a can ta fi tsada, kuma ka riga ka sa wannan a takardar lissafinka.

Mataki na shida: ka je ka gani

Gani ya kori ji. Idan da hali ka ziyarci kowace ɗaya a ranar karatu ta yau da kullum, ba ranar da aka share harabar domin baƙi ba. Ka nemi izini ka zauna a bayan ajin 'yan shekarar farko. Ka lura ko kujeru sun isa ko wasu na tsaye a bakin taga, ko na baya suna jin malamin, ko akwai wanda ya ɗaga hannu ya yi tambaya kuma yaya aka amsa masa. Ka tsaya a gaban allon sanarwar sashen ka karanta: tallan guraben horo da gasa da laccocin baƙi ne a kai, ko sanarwar ɗage jarrabawar da ta kwana biyu har takardar ta koɗe? Ka bi ta layin ofisoshin malamai ka ga ƙofa nawa ce a buɗe.

Sannan ka sami 'yan ajin ƙarshe biyu ko uku, waɗanda ba jami'ar ce ta zaɓo maka su ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka tambaye su ko makarantar tana da kyau. Ka tambaye su ko akwai malamin da ya san sunansu har zai iya rubuta musu takardar shaida, da kwana nawa ake ɗauka kafin a dawo musu da aikin da suka miƙa, da ko ana rubuta gyara a kai ko maki kawai ake sawa, da abin da za su canza da za a mayar da su shekarar farko. Tambayar malamin ba ƙarama ba ce. A 2014 kamfanin Gallup da Jami'ar Purdue sun tambayi kimanin mutum 30,000 da suka gama jami'a a Amurka, suka gano cewa samun malamin da ya damu da ɗalibi, da mai yi masa jagora, da horon da ya yi amfani da abin da ya koya, sun fi alaƙa da jin daɗin aikinsa daga baya fiye da irin jami'ar da ya je. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, ka nemi ɗaliban ta intanet ka yi musu tambayoyin nan ta waya.

Mataki na bakwai: yanke hukunci

Yanzu ka zaɓi abubuwa biyar ko shida da suka fi maka muhimmanci, ka raba musu maki 100 gwargwadon nauyinsu a wurinka, kuma ka yi rabon kafin ka ba kowace jami'a makinta, don kada zuciya ta karkatar da sikelin. Idan tazarar ta fito da faɗi, ka bi ta. Idan ta zo kusa da kusa, to duka biyun za su yi maka, kuma a nan halal ne abubuwan da ba sa shiga lissafi su raba gardama: kusanci da iyaye, yanayin wurin, inda ka ji hankalinka ya kwanta ranar da ka je. Idan sakamakon ya fito ka ji ranka ya sosu, kada ka yi watsi da wannan jin. Ka koma ka nemo abin da ka rage wa nauyi alhali yana da girma a wurinka, ka gyara rabon da gaskiya.

Ka nemi shawarar iyaye da malaman da suka san ka, ka nuna musu takardun da ka tara maimakon ka tambaye su wace ta fi, domin shawara a kan hujja ta fi shawara a kan jita-jita. Ka sa wa kanka ranar yanke hukunci aƙalla mako guda kafin wa'adin da jami'o'in suka bayar. Kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami, ka karanta ko ana mayar da shi idan biza ba ta fito ba ko sakamakon jarrabawarka bai kai sharaɗin gurbin ba, kuma kada ka saki gurbi na biyu sai ka riƙe tabbacin na farko a rubuce, tare da takardar tallafin karatu idan akwai. Bayan haka ka rubuta wa ɗayar jami'ar gajeriyar wasiƙa ta godiya ka sanar da ita ba za ka zo ba, domin a ba wani da ke jerin jira kujerar, kuma mai yiwuwa ne ka sake ƙwanƙwasa ƙofarta idan lokacin digiri na biyu ya yi.